Kunkurun Aji Uku

Zuma kwalba biyu.

Citta a ƙullin leda, ta Hajiya.

Jan dutse ɗaya, na 'yan ajina.

Sandar Baba.

Abin da na ɗauko daga Zonkwa ke nan, ban da kayan jikina.

Direban ya ƙi bin Kaduna. Ya ce ko motar za a ba shi kyauta ba zai bi ba, ya yanke ta Saminaka. Ba wanda ya yi masa gardama. Ba a daɗe da lafawar kashe-kashe a Kaduna ba, kuma motocin da muke gamuwa da su duk daga arewa suke fitowa, katifu da tukwane ɗaure a sama.

Matar da ke gefena ta dubi gicciyen da ke wuyana, ta dubi fuskata.

"'Yar nan, Kano za ki?"

"Kano, Mama."

"Mutanenki fitowa suke yi, ke kina shiga?"

"A can aka haife ni."

"Hmm... To murmushin me kike yi tun ɗazu?"

Ban san ina yi ba. Na ƙara riƙe sandar.

"Albishir na ɗauko," na ce mata.

* * *

Sunana Jummai Bitrus. A Gyadi-Gyadi aka haife ni, babana ma'aikacin jirgin ƙasa. An tura ni Kiyef, a Tarayyar Sobiyet, karatun kimiyya, kafin in gama ƙasar da ta karɓe ni ta wargaje. Na dawo da takardar da ba mai iya karanta rubutunta a ofisoshin Kano. Aikin da na samu shi ne aji uku a wata 'yar makarantar firamare a Tarauni, a shekarar da soja suka koma bariki.

Rabin ajin ba sa iya karanta sunansu. Suna rera "a, ba, ca, da" kamar waƙar gaɗa, amma in ka nuna musu harafi shi kaɗai sai ido. Na gwada alewa. Na gwada tsawa. Ba abin da ya motsa.

Wata rana rediyona ya lalace, na kai shagon da ke tsallaken makaranta. Mai gyaran dogo ne, siriri, gashin bakinsa bai gama yanke shawarar fitowa ba. Inuwa. A bangon shagon ya liƙa hoton da ya yago daga wata mujalla: 'yar mota mai taya shida a kan jar ƙasa.

"Ka san mene ne wannan?" na tambaye shi.

"An ce Turawa ne suka aika ta duniyar Mas. Ni tayoyin ne suka burge ni. Shida! Ina ma in ga cikinta."

"Ba ta da direba. Daga nan ake rubuta mata umarni, saƙon ya yi doguwar tafiya, ta karanta, ta aikata."

Ya ajiye sukudireba.

"Ta fi 'yan ajinki ke nan, Malama. Ina jin su daga nan kullum."

Rashin kunya ne. Amma ya ba ni dabara.

Da babban gwangwanin madara Inuwa ya haɗa mana irin 'yar motar, da tayoyin motar wasa, da injin tsohon rediyo mai kaset, da doguwar waya mai makunni. Tana tafiya a hankali tana gurnani. Yara suka sa mata suna Kunkuru, daga ranar ta koma namiji.

Ajinmu yana da ƙofar baya. Tana buɗewa kan wani fili da aka kewaye da katanga, an zuba jar ƙasa za a yi gini ba a yi ba. Na ce wa yara ajinmu shi ne Duniya, bayan ƙofar nan kuma Mas ce, ba mai leƙawa. Kunkuru kuma kurma ne, rubutu kawai ya sani.

Duk ranar Alhamis Inuwa yakan rufe shago ya zagaya can ya zauna. Yara su rubuta umarni, su tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ba ya taɓa takardar sai ya shanye kofin shayi, domin saƙo zuwa Mas yana daɗewa a hanya. Abin da aka rubuta shi Kunkuru yake yi, ba ragi ba ƙari. In rubutu bai karantu ba, ba ya motsi. Daga nan Inuwa ya rubuto amsa da manyan baƙaƙe. Mai son sanin abin da ya faru, sai ya karanta da kansa.

Ƙasimu, sarkin surutun ajin, shi ya fara. Ya yi gumi ya rubuta: JE GABA.

Muka jira. Muka ji gurnani, ya yi nisa, sai ƙara, sai shiru.

Takarda ta leƙo.

Sai da suka haɗa kai su biyar suka karanta ta: NA FAƊA RAMI. BA WANDA YA CE IN TSAYA. INA GAISHE KU DAGA ƘASA.

Ajin ya fashe da dariya, Ƙasimu yana rantsuwa ba laifinsa ba ne. Amma daga ranar bai sake rubuta jimla ya bar ta ba ƙarshe ba.

Akwai Husaina, mai zama a lungu, wadda ban taɓa jin muryarta ba. Ita ba umarni ta rubuta ba. Ta kawo min takardarta tana ɓoyewa: KANA JIN SANYI?

Amsa ta zo. Na miƙa mata, na ce ita za ta karanta. Ta sa yatsa a kan harafin farko, muryarta kamar ta sauro.

"San...yi ka...mar ya ka...she ni. Ga yun...war ba...tir. Ku ku...na can ku...na cin gu...ra...sa."

Ta ɗago kai. Ta san abin da ta yi.

Haka Kunkuru yake. Kullum cikin ƙorafi: sanyi, yunwa, dutse ya tokare masa taya, ba mai gaishe shi. Yara suna rige-rigen karanta kukansa.

* * *

Bayan an tashi nakan fita mu share sawun tayoyi tare.

"'Yar Rasha, yau me Duniya ta ce?"

"Yukren."

"Duk ƙanƙara ce."

"Husaina ta karanta layi uku."

"Na ji ta. Saura kaɗan in yi kuka a cikin shayina."

Ni ba mai yawan magana ba ce. Shekarun da na yi a inda ba mai jin harshena sun koya min tattalin baki. Inuwa ne mutum na farko da shiruna bai dame shi ba.

Wata Alhamis ya jingine tsintsiya.

"Jummai."

Bai taɓa kiran sunana kai tsaye ba.

"Ni fa Kunkuru ne. Ba na motsi sai an ce. Ki ce in turo."

"Ka turo me?"

"Manya."

"Ka san sunan babana?"

"Bitrus. Na sani tun ranar rediyo."

"Ba zan bar coci ba, Inuwa."

"Ban ce ki bari ba."

"Hajiya fa?"

"Uwata ce. Za ta yi faɗa, ta gaji." Ya matso kaɗan. "Duniyata... ki ce wani abu mana."

"Saƙo yana daɗewa a hanya," na ce. "Ka sha shayi."

Ya yi dariya har ya dafa katanga. Ya riga ya ga amsar a fuskata.

Hajiya ba ta gaji ba. Ranar da ya kai ni gaishe ta a Unguwar Gano, na durƙusa, ta bar ni a durƙushe.

"Ke ce mai sa ɗana rufe shago yana wasan gwangwani?"

"Yara yake taimako, Hajiya."

"Yara! To 'yan mata sun ƙare ne a Tarauni? Ke ki je inda kika fi wayo, shi ma ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

A gidanmu ma haka. Mama ta ɗora hannu a ka.

"A wannan lokacin, Jummai? Ba kya jin abin da ake faɗa a gari? Ga Nathaniel, yaro mai aikin gwamnati, mai waƙa a coci, tun kina can waje yake tambayarki!"

"Ba na son sa, Mama."

"So! Karatu ya kai ki har inda ake cin so?"

Baba bai ce komai ba. Shirunsa ya fi faɗan Mama nauyi.

A watan Disamba aka ce wani sabon kumbo zai sauka a Mas, ba mutum a ciki, sai na'ura. Mun yi makonni muna rubuta masa barka da zuwa. Bayan ranar saukar, Inuwa ya shigo aji da rediyo. Mai labarai ya ce kumbon ya shiga iskar Mas, daga nan ba a sake jin sa ba.

"Malama, ya mutu?" Husaina ce.

"Ba a sani ba."

"To me za su yi?"

"Za su yi ta kira."

"Har yaushe?"

Aka kaɗa ƙararrawa. Na sallame su. Da aka sanar a watan Janairu cewa sun daina kira, ban gaya wa yaran ba.

Da Kirsimeti Baba ya yi ritaya, suka kwashe kaya suka koma Zonkwa. Ni na zauna wurin Anti Janet a Gyadi-Gyadi saboda ajina. A watan Fabrairu na ga shirun ya isa haka, na ce zan je in roƙi Baba ido da ido.

Inuwa ya raka ni tashar Unguwa Uku.

"Bari in bi ki."

"A'a. Baba ba ya son a faɗo masa. Ka tsaya inda kake sai saƙo ya iso."

"In ya daɗe fa?"

"Ka san abin da ake yi."

"Zan shanye shayin Tarauni kaf!" Ya leƙo ta tagar mota. "Ki zo wa Kunkuru da tsaraba. Ya gaji da duwatsun gida."

Motar ta tashi yana ɗaga min sukudireba. Ko a tasha yana aljihunsa.

* * *

Baba ya saurare ni, ya tashi ya tafi gona. Haka muka yi ta yi. Sai labarin Kaduna ya iso, mutane suka fara isowa gari ba takalmi a ƙafarsu. Na ce shi ke nan, zance ya mutu.

Wata safiya ya kira ni gindin mangwaro.

"Kin ga abin da ake yi a Kaduna?"

"Na gani, Baba."

"Mamanki ta ce wannan ya ishe ki amsa." Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Ni na yi rayuwata a jirgi da Hausawa. Mun ci a kwano ɗaya. In na hana ki saboda abin da masu ƙona gari suka yi, to na ba su 'yata su ƙona ke nan."

Ya miƙo min sandarsa.

"Ki ba shi. Ya dawo min da ita da ƙafarsa, da manyansa. Ya turo."

Na rungume gwiwoyinsa. Ya ce in tashi, ba ya son shirme.

Sai dai na manta darasin da ni kaina nake koyarwa. Na sha gaya wa yara: abin da kuke karantawa daga Mas ya riga ya wuce, kafin amsarku ta isa ƙila Kunkuru ba ya inda kuka bar shi.

* * *

Daga tasha ban biya gida ba, shagon na nufa.

Kwado a ƙofa. Mai shayin gefe ya gan ni, ya kau da kai.

A Unguwar Gano na tarar da takalma birjik a bakin ɗakin Hajiya. Na yi sallama. Ta miƙe tsaye, tana leƙa bayana.

"Ina yake?"

"Wa, Hajiya?"

"Kada ki mayar da ni mahaukaciya! Ina ɗana? Wurinki ya tafi!"

Ban yar da komai ba. Na ajiye jakar a hankali, don kada zumar ta fashe.

Kawunsa, Malam Sani, shi ya zaunar da ni ya ba ni labari. Ranar Lahadi wani ɗan cocinmu ya kai rediyo shago. Ya ce a gyara kafin Asabar, da shi za a saka kiɗa a bikinsa da Jummai a Zonkwa, ai dalilin tafiyarta ke nan, ashe ba ta faɗa ba?

"Bai ci tuwo ba," Hajiya ta katse shi. "Litinin da sassafe ya sa takalmi. Na riƙe rigarsa! Na ce ƙarya ce ko gaskiya ce, bar ta! Ya ce, 'Hajiya, ta ce in tsaya, amma wannan karon ba zan iya ba.'"

Direban da ya ɗauke shi ya ce ya sauke shi a Kaduna da hantsi, zai canza mota. A ranar aka fara kashe-kashen.

Daga nan ba wanda ya sake ganin sa.

"Fita," Hajiya ta ce min. "Fitar min daga gida da cittarki."

Na fita da sandar a hannuna. Ban ce musu komai a kanta ba.

Ranar Lahadi na tare Nathaniel a ƙofar coci, yana sanye da rigar mawaƙa.

"Jummai, Allah shaida... so na yi ya haƙura kawai. Ina na san zai tashi ya tafi? Ina na san za a yi faɗa?"

"Ba ka sani ba."

"To ki yafe min. Son ki ne ya..."

"Rediyonka yana shagon. Makullin yana wurin uwarsa. Ka je ka karɓa, ka gaya mata abin da ka gaya min."

Bai je ba. Kafin Ista ya nemi canjin wurin aiki.

Na bi Malam Sani zuwa Kaduna. Mun shiga asibitoci, mun shiga bariki inda mutane ke kwance a fili. Mun duba masu rai, mun duba waɗanda ba su da shi. An nuna mana inda aka binne mutane da yawa a rami ɗaya, ba suna. Malam Sani ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ni na yi tawa. Muka dawo.

Daga nan duk ranar Asabar nakan je tashar Unguwa Uku in tsaya inda motocin Kaduna ke sauke mutane. 'Yan kamasho suka san ni.

"Malama, yau ma babu."

"Na gode. Sai wani satin."

Mama ta aiko in dawo gida. Ta sake aikowa. Na ce ina jiran baƙo.

* * *

Yara na ce musu Malam Inuwa ya yi tafiya, amma Kunkuru yana nan. Suka tura takardunsu. Da aka fita tara na zagaya ta baya, na kwaikwayi manyan baƙaƙensa, na turo amsa.

Husaina ta ɗauka. Yanzu ba ta sa yatsa.

"Na iso dutsen. Ina lafiya lau. Kada ku damu."

Ta ninke takardar.

"Malama, ba shi ba ne."

"Me ya sa kika ce haka?"

"Kunkuru bai taɓa cewa yana lafiya ba."



"Kuma bai yi mana gorin gurasa ba," in ji Ƙasimu.

Ni na koya musu karatu, ga shi sun karance ni. Na zauna a kan tebur.

"Ni na rubuta. Na yi muku ƙarya, ku yi haƙuri. Malam Inuwa ya tafi Kaduna ranar da aka yi faɗa. Bai dawo ba. Ba mu ji daga gare shi ba."

"Kamar kumbon nan?"

"Kamar shi."

Husaina ta buɗe littafinta ta yago takarda.

"To mu yi ta kira."

Muka yi ta kira. Kowace Alhamis su rubuta, su tura ta ƙarƙashin ƙofa, mu zauna tsawon shan kofin shayi, ba abin da ke fitowa. Ba umarni suke rubutawa ba yanzu. Suna ba shi labari: haƙorin wane ya fita, akuyar su wance ta haifi uku, an kama Ƙasimu yana cin gyaɗa a aji. Jimlolinsu suka yi tsawo. Shugaban makaranta ya ce bai taɓa ganin aji uku mai rubutu haka ba. Na ce masa na gode.

Ni ma nakan tura tawa bayan sun tafi. Kalma ɗaya ce kullum. TURO.

* * *

Ranar da hadarin farko ya haɗu, ina tsakiyar darasi, aka yi sallama a ƙofar aji.

Hajiya ce. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Na ba yara aiki, na kawo mata kujera a baranda, na durƙusa.

"Tashi," ta ce. "Zauna a nan kusa da ni."

Na zauna.

"Su kawunsa sun ce a yi masa sallah, a yi addu'a. Na hana. Na ce ba za a yi ba muddin yarinyar nan tana zuwa tasha. Ita da ba ta haife shi ba tana jira, ni ce zan fara gajiya?"

"Ashe kin sani, Hajiya."

"Ina rumfar mai lemo, a bayanki. Kowace Asabar. Kina tafiya, in tafi."

Na kasa kallon ta.

"Ya ba ni labarin ƙarfen Turawan nan da ya yi shiru a sama. Su... suna kira har yanzu?"

"Sun daina."

"Gajiya suka yi?"

"A'a. Sun san iyakar abin da batirinsa zai iya ɗauka. Da lokacin ya wuce, suka fito suka faɗi gaskiya."

Ta gyaɗa kai.

"Ni ma na san iyakar nawa. Inuwa bai taɓa iya kwana biyu bai ji muryata ba. Ko da rarrafe yake tahowa, da ya iso." Ta kama hannuna. Tafinta da zafi. "'Yata, ki sake ni. Ina so in roƙa wa ɗana gafara, bakina ya ƙi, saboda ke."

Na tashi na shiga aji, na ɗauko sandar daga bayan allo, inda take tun ranar da na dawo.

"Inna, wannan ta Inuwa ce. Baba ya ce a ba shi, ya mayar masa da ita da manyansa. Ya yarda. Albishir ɗin da na ɗauko ke nan ranar da kika kore ni."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana shafa kanta, inda tafin Baba ya goge itacen.

"Da na yarda tun farko," ta ce a hankali, "da Sani zan tura. Ba shi ba."

"Da ban ce ya tsaya ba, da tare muka tafi."

"Yi shiru... Allah ya riga ya rubuta."

A nan na yi kuka. Ban yi a Kaduna ba, ban yi a tasha ba. Na yi a kafaɗar matar da ta bar ni a durƙushe, tana bubbuga bayana tana cewa, "Ya isa, 'yata, ya isa," alhali nata hawayen yana jiƙa min wuya.

"Addu'ar ranar Asabar ce," ta ce da ta miƙe. "Bayan la'asar. Ki zo ki zauna a ɗakina, kusa da ni. In wani ya tambaya, ni zan amsa."

Ta dogara sandar ta tafi. Tsawonta ya yi mata daidai.

* * *

Na koma aji. Ba wanda ya yi aikin da na bayar. Duk sun ji.

"Ku tashi," na ce. "Yau za mu je Mas."

Na zare sakata. Ƙofar ta ƙi buɗewa sosai, takardu sun taru a bayanta, sai da Ƙasimu ya sa kafaɗa. Suka fita a hankali kamar masu shiga ɗakin mara lafiya.

Kunkuru yana inda Inuwa ya bar shi, tsatsa ta fara cin gwangwanin. Ga kujerarsa. Ga kofin shayi a kife a kan bulo.

Muka tsince takardun kafin ruwa ya sauko. Na ajiye jan dutsen Zonkwa a gaban tayoyin, tsarabar da ya ce a kawo.

"Za mu aika saƙo na ƙarshe," na ce. "Ɗaya, na kowa. Me za a ce?"

Iska ta fara tashi.

"Malama," Ƙasimu ya ce, ba dariya a fuskarsa, "a ce masa ya tsaya. Kada ya ce ba a faɗa masa ba."

Na miƙa wa Husaina fensir. Ta durƙusa, ta ɗora takardar a kan kujerarsa, ta rubuta, sannan ta karanta da ƙarfi ba tare da na ce ba.

"Kunkuru, ka tsaya. Ka huta. Mun iya karatu."

Ta danne takardar da jan dutsen.

Yayyafi ya fara. Na shigar da su ɗaya bayan ɗaya, na tsaya ni kaɗai a bakin ƙofa tsawon shan kofin shayi. Ba don ina tsammanin amsa ba. Doka ce, shi ya kafa ta.

Sannan na ja ƙofar, na sa sakata.

"Mun daina kira," na ce musu. "Ranar Asabar ba zan je tasha ba. Zonkwa ma ba zan koma ba. Gobe kowa ya zo da fensir mai kaifi, za mu rubuta duk abin da Kunkuru ya gani."